AMOSANIN JINI: YADDA AKE GADONSA, DA DALILIN DA YA SA YAKE BAMBANTA TSAKANIN MASU SHI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ciwo ne wanda da wuya a sami gari ko ruga ko zango a ƙasar Rumbu, tun daga Sakabal har kwarin Tarka, inda bai taɓa shiga ba. Shi ne amosanin jini, wanda wasu ke ce wa emasi, ƴan'uwanmu na Nijeriya kuma suna cewa sikila. Likitocinmu suna kiransa drépanocytose da Faransanci, Larabawa kuwa suna cewa faƙrud damil minjali. Asalin sunan Faransancin da na Larabcin da na sikila duk lauje ne, kuma za mu ga dalili nan gaba.

Wani zai ce, ina ruwan liman da zancen likita? Amsa ita ce, liman ne ke ɗaura aure, shi ke raɗa suna, shi kuma ke sallar ɗan ƙaramin makara idan an kawo. Kuma gabansa ake kawo ƙarar matar da aka ce tana da wabi, ko kishiyar da aka ce ta yi wa ƴaƴan gida asiri. Wanda aka ɗora wa waɗannan al'amura, bai halatta gare shi ya yi hukunci cikin duhu ba alhali ga fitila.

Abin da ke faruwa cikin jini

Ku sani cewa cikin jinin ɗan Adam akwai jajayen ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Siffarsu kamar faifai ce, masu laushi, suna lanƙwasa su ratsa jijiyar da ta fi gashi siriri. Aikinsu shi ne ɗaukar iskar numfashi daga huhu su kai ta ko'ina cikin jiki, kuma abin da ke riƙe iskar a cikinsu shi ne wani sinadari mai suna himogulobin. Na mafi yawan mutane ana yi masa alama da harafin A. Na mai amosanin jini kuwa ana yi masa alama da S.

Shi himogulobin S, idan ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya harhaɗe ya sandare, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta koma kamar lauje. Daga nan musiba biyu ke biyowa. Ta farko, waɗannan lauzuna suna maƙalewa cikin ƙananan jijiyoyi su tare hanya, wurin da jini bai isa ba kuwa sai ya kama zogi, wannan shi ne ciwon ƙashi da gaɓoɓin da yaro ke kwana yana kuka saboda shi. Ta biyu, ƙwayar lafiyayya tana rayuwa kamar kwana 120, amma mai siffar lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take fashewa. Ɓargo yana ta ƙera sababbi amma ba ya cim ma ɓarnar, saboda haka kullum jinin a gajarce yake, idanu kuma su yi ɗorawa kamar na mai shawara.

Likitan da ya fara rubuta bayanin waɗannan ƙwayoyi shi ne James Herrick a birnin Shikago ta Amurka a 1910, bayan an duba jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Girenada. Amma mutanen Afirka sun san ciwon tun kafin nan da sunaye iri iri. Wani likita ɗan Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi salsalar ciwon cikin danginsa har zuwa shekarar 1670. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka tabbatar cewa aibin yana cikin himogulobin ne, sa'an nan a 1956 da 1957 Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya gano ainihin wurin. Abin da ya gano yana da ban mamaki. Sashen himogulobin da ake magana a kansa kamar carbi ne mai ƙwaya 146, to ƙwaya ta shida kaɗai ce aka musanya da wata. A cikin rubutun gado kuwa, wanda kowane mutum ke ɗauke da shi a jikinsa, harafi ɗaya tak ne ya sauya. Ɗalibin Larabci ba zai yi mamaki ƙwarai ba, domin ya san ɗigo ɗaya ne tsakanin rahim da rajim.

Yadda ake gadonsa

Wannan ciwo ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko shan nono. Ba maye ke kawo shi ba, ba kuma iska ba. Gadonsa ake yi, kuma daga ɓangare biyu. Kowane ɗa yana karɓar rabo ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wanda ya karɓi A da A, shi ne AA. Wanda ya karɓi A daga ɗaya, S daga ɗayan, shi ne AS, kuma wannan lafiyayye ne, yana noma yana kiwo yana tsufa bai san yana ɗauke da kome ba, in ban da abin da ba a rasa ba ga kaɗan daga cikinsu, kamar fitsarin jini, ko galabaita idan wahala ta yi tsanani tare da ƙishirwa. Wanda ya karɓi S da S, shi ne SS, shi ne majinyaci.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da fuska huɗu: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. A lura da kyau, ba ana nufin cikin ƴaƴa huɗu lalle ɗaya ne zai kamu ba. Kowane ciki ƙuri'arsa daban, cikin da ya gabata ba ya rage wa na bayansa kome. Saboda haka ake samun gidan da aka haifi shida babu mai ciwo, da gidan da aka haifi uku a jere duka masu ciwo, alhali iyayen jininsu iri ɗaya ne. Idan AS ya auri SS, rabi da rabi ne. Idan kuwa AA ya auri SS, duk ƴaƴan AS za su zama, babu majinyaci ko ɗaya cikinsu. Wannan ya isa amsa ga masu cewa mai amosanin jini ba ya auruwa.

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa a gidajenmu. Mutum AS ne, yana da mata biyu, uwargida AA, amarya AS. Ƴaƴan uwargida duk lafiya lau, na amarya kuwa wannan ya kwanta wancan ya rasu. Sai dangin miji su ce jinin amarya ne ba kyau, dangin amarya su ce uwargida ce ta shiga ta fita. A yi ta zargi da gaba, wani lokaci har saki. Alhali kuwa da ba don rabon da maigidan ya bayar ba, da yaron bai zama SS ba har abada. Babu ɗa SS face uwa da uba sun yi tarayya a cikinsa daidai wa daida. Duk wanda ya saki mace saboda wannan, ko ya jefi kishiya da sihiri, ya yi zalunci kuma ya yi ƙazafi, kuma jahilci ba zai zama hanzari gare shi ba bayan bayani ya iso masa.

Shari'a ba baƙuwa ba ce ga wannan ilmi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo wurin Annabi (S.A.W.) yana shakkar ɗansa, don matarsa ta haifi yaro baƙi. Annabi (S.A.W.) bai yi masa faɗa ba, sai ya tambaye shi raƙumansa da launinsu, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai toka-toka cikinsu, ya ce akwai. Da aka nemi ya faɗi inda wannan launi ya fito, shi da kansa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne, kuma ba a ba shi izinin kore shi ba. Ku dubi yadda aka kare mutuncin mace da ilmin gado, kuma aka yi wa makiyayi bayani da abin da ya sani cikin garkensa. Makiyayanmu ma sun san siffa tana ɓuya cikin uwa da uba ta bayyana ga jika.

Ga mai tambayar abin da ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashenmu, a 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa yara AS sun fi tsira daga mugunyar masassarar cizon sauro. Binciken da ya biyo baya ya nuna kariyar ta kai kamar kashi 90 cikin ɗari game da masassara mai tsanani. Watau inda sauro ya yi yawa, masu AS suka fi rayuwa su hayayyafa. A 2018 kuma wasu masu bincike biyu, Daniel Shriner da Charles Rotimi, suka ƙiyasta cewa sauyin harafin nan ya faru sau ɗaya ne, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take da tafkuna da ciyawa. Abu ɗaya ya zama garkuwa ga mai rabo ɗaya, ya zama jarrabawa ga mai rabo biyu. Amma kada a fahimci cewa SS ya fi kowa kariya, a'a, masassarar da wani yaro zai tashi daga gare ta, shi tana iya ƙarar da ɗan jinin da ya rage masa cikin kwana biyu.

Abin da ya sa ciwon wani ya fi na wani

Nan ne gundarin darasinmu, domin nan ne mutane suka fi ruɗewa. Za ka ji ana cewa, ai wane ma an ce yana da shi, ga shi nan ya yi aure har da jikoki, ashe zancen likita ƙarya ne. Wani kuma ya ce, duk mai shi ba ya wuce shekara ashirin. Duka biyun kuskure ne, domin ciwon suna ɗaya gare shi amma ba nauyi ɗaya ba.

Da farko, ba S kaɗai ba ne baƙon himogulobin a Afirka ta Yamma. Akwai wani mai alamar C, wanda shi ma ƙwaya ta shidan nan ce ta sauya a cikinsa amma zuwa wani abu daban. Ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, kuma ana samunsa a ƙasarmu. Wanda ya gaji S daga ɗaya, C daga ɗayan, shi ne SC. Galibi jininsa bai kai na SS ƙaranci ba, kuma ciwon yakan jinkirta bayyana, har wani sai ya girma kafin a gane. Amma sauƙin nan yana da tarko. Mai SC ya fi mai SS fuskantar lalacewar jijiyoyin bayan ido, abin da ke iya kai wa ga makanta ba tare da wani zogi ya yi gargaɗi ba, kuma kan ƙashin cinya yakan mutu ya bar shi da ɗingishi. Mace mai SC kuma ciki yana iya tayar mata da abin da ba ta taɓa gani ba. Saboda haka auren AS da AC shi ma abin dubawa ne, ba AS da AS kaɗai ba. Akwai kuma wani gado da ake kira beta talasemiya, wanda ke rage ƙera himogulobin A ko ya hana shi ɗungum. Idan ya haɗu da S, mai hanawa ɗungum ciwonsa kamar na SS ne, mai ragewa kuwa ya fi sauƙi.

Na biyu, kuma shi ne mafi girman sababi, shi ne himogulobin na jariri, mai alamar F. Ɗan tayi a cikin mahaifiyarsa ba da A ko S yake rayuwa ba, da F yake rayuwa, kuma F ba ya sandarewa, hasali ma yana hana S sandarewa idan suna tare. A 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura cewa jarirai masu wannan ciwo ba sa nuna alama a watannin farko, ta danganta haka ga F. Bayan haihuwa jiki yana rage F sannu a hankali, sai wajen wata biyar zuwa shida ciwon ya fara leƙowa. To wannan lokaci shi ne kuma lokacin fitar haƙori, shi ya sa iyaye mata da yawa ke cewa haƙori ne, a yi ta jiƙe-jiƙe ana jiran haƙori ya fito.

Babban mutum lafiyayye F ɗinsa bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Amma masu SS sun bambanta, wani jikinsa yana rufe ƙofar F kusan gaba ɗaya, wani kuwa yana barinta a buɗe kaɗan, kuma wannan ma gado ne. Gwargwadon yawan F, gwargwadon sauƙin ciwo da tsawon kwana bisa al'ada. Masana sun kasa gadon S gida biyar bisa ga rubutun da ke kewaye da shi, suka sa musu sunayen wuraren da aka fara gane su: na Senegal, na Benin, na Bantu, na Kamaru, da na Larabawa da Indiya. Na Larabawa da Indiya shi ya fi yawan F, yakan kai kusan kashi 20 cikin ɗari, sa'an nan na Senegal. Na Bantu, na tsakiyar Afirka, shi aka fi sani da tsanani. Wanda ya fi yawa a yankinmu da Nijeriya shi ne na Benin, F ɗinsa galibi bai kai kashi 10 ba. Ƙasar Saudiyya ta ishe mu misali. Mutanen gabashinta, wajen Ƙaɗif da Ahsa, suna da irin na Larabawa da Indiya, ciwonsu ya fi sauƙi musamman a ƙuruciya. Mutanen kudu maso yamma kuwa, wajen Jizan, irin na Benin gare su, ciwonsu kamar namu yake. Ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, amma ciwon bai zo musu da nauyi ɗaya ba. Saboda haka alhajin da ya dawo yana cewa ya ga masu shi a can suna harkokinsu lafiya, bai yi ƙarya ba, sai dai ba a yin ƙiyasi tare da bambanci.

A 2007 da 2008 aka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ita ce kamar makullin da ke rufe ƙofar F bayan haihuwa. Makullin wani ya fi na wani ƙarfi, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wannan yana daga cikin abin da ya sa wa da ƙane, dukansu SS, ɗaya kullum yana kwance, ɗaya kuwa sai shekara ta zagayo bai kwanta ba. Akwai kuma alfa talasemiya, wadda kusan kashi ɗaya cikin uku na masu SS ƴan asalin Afirka ke ɗauke da ita. Tana rage fashewar ƙwayoyin jini da haɗarin shanyewar ɓarin jiki, amma ba ta rage zogin ƙashi, wani lokaci ma takan ƙara shi.

Bayan gado sai muhalli, kuma nan ne hannunmu ke iya kaiwa. Sanyin hunturu, da ƙishirwar bazara, da sauron damina, da zawo, da aiki mai tsanani, kowannensu yana tayar da ciwon. Yaro biyu masu gado iri ɗaya, wanda ke kwana cikin sange da bargo, yana shan ruwa mai tsabta a kai a kai, ba zai zama daidai da wanda aka tura kiwo tun safe da ƴar gora guda ba. Ina kira ga malaman makarantun allo da na madarsa, idan an kawo muku irin wannan yaro, kada a hana shi tashi shan ruwa, kada a kwantar da shi a fili da hunturu, kuma idan ya ce ƙafarsa na ciwo, to tana ciwo, ba lalaci ba ne.

Alamomin da ba a kwana da su

Alamar farko ga jariri sau da yawa ita ce kumburin bayan hannu da na ƙafa tare da kuka. Wanda ya ga haka ya nemi gwaji. Ga wanda aka riga aka san yana da ciwon kuwa, zazzaɓi ba ƙaramin abu ba ne, domin saifarsa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, takan lalace tun yana ƙarami. Idan jiki ya yi zafi, a kai shi likita ran nan. Haka nan idan cikinsa ya kumbura ta hagu farat ɗaya, tafin hannu da leɓe suka yi fari, to jini ne ya taru cikin saifa, kuma sa'o'i kaɗan ke tsakaninsa da halaka. Haka ciwon ƙirji da numfashi sama sama. Haka karkacewar baki, ko sanyin hannu da ƙafa ta gefe ɗaya, ko harshe ya karye, wanda mu kan ce iska ta buge shi. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna kimanin 11 cikin ɗari na masu SS suna samun wannan shanyewa kafin shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. Akwai kuma wata alama ga samari wadda kunya ke sa a ɓoye ta, ita ce miƙewar gaba mai zafi ba tare da sha'awa ba, ta ƙi kwantawa. Idan ta ɗauki sa'o'i tana iya kashe mazakuta. Babu kunya a nan, uba ya gaya wa ɗansa tun kafin ta faru.

Ina girmama wanzamanmu, kuma ƙaho ya tabbata cikin Sunna. Amma ƙaho na mai jini ne. Yaron da jininsa bai kai rabin na tsaransa ba, a yi masa ƙaho ko tsaga a kan saifa, wannan ƙara wa Barno dawaki ne ta wajen cuta. Kaciya ma a sanar da likita tukuna. Haka magungunan da ake tallarsu a kasuwa, musamman masu kashe zogi irin su taramol, da na ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, kada a ba shi sai da izinin likita.

Magani kuwa akwai, ko da yake mai raba mutum da ciwon ɗungum yana da wuyar samu. Tun 1986 aka tabbatar cewa ba ƙananan yara masu SS fenisilin kullum yana rage mugun ciwon ƙwayoyin cuta da kashi 84 cikin ɗari. Ga allurar rigakafi, ga maganin rigakafin masassara da ake rabawa yara da damina, ga asid folik. Akwai kuma haidiroksiyuriya, wanda aka fi sani a farmasi da sunan Hydrea, aikinsa shi ne ƙara yawan F ɗin nan da muka yi bayani. Amurka ta amince da shi a 1998, kuma wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, ya nuna yana amfani ga yaran Afirka. A Kano ma, a asibitin koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala, an gwada shi ga yaran da awon jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewa, aka ga yana kare su. Sai dai ba a shansa da ka, sai likita yana bin jinin. Dashen ɓargo yana warkarwa, kuma a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy wanda ke karya makullin BCL11A don F ya dawo. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, sama da miliyar guda na sefa ga mutum ɗaya. Na ambace shi ne don a san inda ilmi ya kai, ba don ina tsammanin ganinsa a Dakwaro gobe ba.

Mas'alolin ibada da na aure

Mai amosanin jini wanda azumi ke tayar masa da ciwo, ko amintaccen likita ya gaya masa ƙishirwa za ta cuce shi, ya sha, ya rama lokacin da ya sami iko, kamar kwanakin sanyi masu gajarta. Idan ya ji tsoron halaka, shan ya zama wajibi. Wanda aka tabbatar ba zai taɓa iyawa ba, babu ramuwa a kansa, ciyarwa kuwa mustahabbi ce a mazhabarmu ta Malikiyya. Kada ƴan'uwa su riƙa yi masa gori. Haka ruwan sanyi da hunturu, a ɗumama masa, in babu hali ya yi taimama, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa Amru ɗan Asi (R.A.) ya yi taimama saboda tsoron sanyi a yaƙin Zatus Salasil, Annabi (S.A.W.) kuma bai yi masa inkari ba. Ba da jini ga majinyaci halal ne, kuma sadaka ce babba.

Game da gwaji kafin aure, wasu suna cewa shisshigi ne ga ƙaddara. Sayyidina Umar (R.A.) ya riga ya amsa wannan ranar da ya juya da jama'a daga Sarg saboda annobar Sham, ya nuna cewa barin wuri mai cuta zuwa wuri mai lafiya shi ma cikin ƙaddarar Allah yake. Malaman zamani ba su yi saɓani kan halaccin gwajin ba, saɓaninsu kan tilastawa ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2003, ta ga bai halatta a mai da shi sharaɗin ɗaura aure ba, amma ta yi kira a wayar da kai, a sauƙaƙa shi, a kuma rufa asirin sakamako. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi kuwa, a Riyad a 2013, ta ga shugaba yana da ikon wajabta shi don maslaha. Saudiyya ta wajabta shi tun 2004, jihar Kano kuma ta kafa dokarsa a 2024. Abin da nake gani a nan Rumbu, waliyyi ya nemi gwajin, liman ya tambaya ko an yi, amma auren da aka ɗaura ba tare da shi ba ingantacce ne.

Littattafan mazhabarmu, kamar Risala da Muhtasar, sun ambaci aibobin da ke ba da zaɓin warware aure: hauka, kuturta, albaras, da cutar al'aura. Zama AS ba ya cikinsu, kuma ba cuta ba ce. Saboda haka ma'auratan da suka gano bayan aure cewa dukansu AS ne, aurensu yana nan, abin da ke kansu shi ne su gwada kowane jariri da wuri. Amma wanda aka tambaye shi kafin aure ya ɓoye, ko ya sayi takardar ƙarya, ya yi algus, kuma ƴaƴan da za su sha zogi suna da hakki a kansa.

Auren zumunci halal ne, Annabi (S.A.W.) ya auri Zainab ƴar Jahshi, ƴar gwaggonsa, ya kuma aurar da Faɗima ga Aliyu (R.A.). Maganar da ake yawo da ita cewa ya hana auren dangi na kusa, Ibnus Salah ya ce bai samo mata asali abin dogara ba. Gaskiya ne idan S yana cikin dangi, ƴaƴan wa da ƙane sun fi kusa da haɗuwa a kansa. Amma gudun dangi kaɗai ba ya tsirarwa. Hukumar lafiya ta duniya ta faɗa a 2006 cewa kimanin 24 cikin ɗari na mutanen Nijeriya suna ɗauke da S, ana kuma haihuwar yara kamar 150,000 da ciwon a can kowace shekara, mu da su kuwa iyaka ce kawai ta raba. Inda mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da shi, aure ɗaya cikin goma sha shida zai haɗa masu ɗauke da shi biyu, ko da ɗaya daga gabas ya fito ɗaya daga yamma.

Sai a kula da irin gwajin. Wanda aka fi yi a ƙananan likitoci shi ne gwajin Emel, shi kuwa yana nuna akwai S ne kawai, ba ya rarrabe AS da SS, kuma ba ya ganin C sam. Mai AC zai fito a gwajin Emel kamar ba shi da kome. Wanda ke fayyace harufa shi ne elektoroforez, akwai kuma sababbin gwaje-gwaje na ɗigon jini daga yatsa masu rarrabe A da S da C. A tambayi ma'aikatan asibitin Dakwaro inda za a samu, ko a can ko a Maraɗi, a Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta musamman domin wannan ciwo. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya dakata wata uku kafin gwaji, domin jinin da aka sa masa zai ɓata sakamakon. Kuma a yi shi tun ana neman izinin zance, kafin a kai kuɗin gaisuwa a sa rana, lokacin da janyewa ba za ta zama abin kunya ga kowane gida ba. Sakamakon amana ce tsakanin saurayi da yarinya da waliyyansu, ba a karanta shi a taron ɗaurin aure, kuma idan an fasa, ya isa a ce Allah bai yi ba, ba sai an faɗi jinin ƴar mutane a bakin rijiya ba.